Tamis ɗin Umma a Hanyar Hada

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Misfala, unguwarmu a Makka, mu uku: ni da Ummata da ƙawata mai tuƙi. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taka jami'a, sai kuma na ɓige da nazarin halayyar birai. In aka tambayi Umma aikina, "tana karatu" take cewa, ta sauya zance. Shi ya sa na ɗauko ta ta gani da idonta. Na kuma ƙudurta cewa in ta karɓi wannan, a hanyar dawowa zan gaya mata cewa mai tuƙin nan ta wuce ƙawa a zuciyata.

Mun tsaya sayen burodin tamis da ful, wato dafaffen wake. Umma ta yi ta mita wai burodin ya ƙanƙance kamar tafin hannu, amma guda goma ta saya. Ina ma a ce na tambaye ta dalili.

Muka wuce Arfa, inda Umma ta daɗe tana dafa wa alhazai abinci. Filin fayau yake, sai itatuwan darbejiya. Daga nan muka fara hawan dutsen Hada muka nufi Ɗa'if, hanya tana ta lanƙwasa, sanyi yana shigowa.

A wani faffaɗan gefen titi muka sami garken biran da nake bi. Na nuna mata Guntuwa, birinya mai guntun wutsiya, ɗanta maƙale a cikinta. Shekara biyu ina rubuta rayuwarta. Umma ta yi dariya ta ce, "Wallah, sai ka ce mutane!" Daɗi ya kama ni, na koma mota ɗauko littafina.

Kafin in dawo ta kwance ledar tamis tana jefa wa biran. Guda ya faɗa kan kwalta, Guntuwa ta bi shi, babbar mota kuma tana gangarowa. Motar ta banke ta, ko motsi ba ta sake yi ba. Ɗan ya faɗi gefe yana ihu.

Na daka wa mahaifiyata tsawa, abin da ban taɓa yi ba.

"Ya binti, 'yata, sadaka fa na yi," in ji ta. "Bayin Allah ne, yunwa suke ji."

Rabin aikina ke nan, bin makarantu da direbobi ina roƙon a daina jefa wa birai abinci, don shi ke jawo su titi. Na gaya wa baƙin da ban san iyakarsu ba. Ita ce kaɗai ban taɓa gaya wa ba, don na yanke tun tuni cewa ba za ta gane ba.

Ba mu ƙarasa Ɗa'if ba. A hanyar dawowa ƙawata ta dube ni ta madubi, na girgiza mata kai.

Da azahar muka iso Misfala. A ƙofar gida Umma ta riƙe hannuna ta ce, "Gobe ki koma ki dubo ɗan. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Tafiyar nan ta nuna mini cewa shiruna ne ya kashe Guntuwa. Duk da haka na shige ciki da ɗaya maganar a bakina, har yau ban faɗa ba.