Kifin da ke wuyan hannun Hajiya

Ƙanshin lalle ne ya tsayar da ni a gado na shida. Ɗakin mata na asibitin nan na kusa da Kakuri ba ya rabuwa da warin maganin goge ƙasa, amma ran nan da safe sai na ji kamar gidan biki na shiga. Ina shekarar ƙarshe a karatun likita, an turo mu koyon aiki, kuma ina fama da wani ciwo da babu shi a littattafanmu: duk abin da ya burge ni sai na yi masa waƙa na sa a Fesbuk.

Mai gadon wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a Makera, za a cire mata ƙari a nono. Hannunta ya sha zane, furanni har gwiwar hannu, ga wani ɗan kifi a wuyan hannun, dab da allurar ƙarin ruwa.

"'Yata ce ta yi mini," in ji ta. "Na ce mata suna zan je Kafanchan. Jarrabawa take yi, ba na son hankalinta ya tashi. Daga ni sai Alhaji muka sani."

Da barci ya ɗauke ta sai na ɗauki hoton hannun. Babu fuska, babu suna. Na rubuta baiti huɗu a kan kifi mai iyo zuwa gaɓar lafiya, na haɗa da hoton na sa a Fesbuk. Kafin azahar yabo ya taru, ina ta murmushi ni kaɗai a baranda.

Sista mai kula da ɗakin, wata dattijuwa 'yar Zonkwa, ta yafito ni da wayarta.

"Likitar waƙa, zo nan. Hannun wa ne wannan?"

"Sista, ai babu fuska."

"Kin tambaye ta?"

"Barci take yi."

"Ke yarinya, matan Makera fuska suke kallo a wurin biki? Hannu suke kamawa su ce wa ya yi miki. Goge shi yanzu, ki je ki faɗa mata da bakinki."

Gogewar ba ta yi wuya ba. Tafiyar zuwa gado na shida ce ta yi mini tsawo.

Hajiya ta saurare ni har ƙarshe, ta ce in karanta mata waƙar. Na karanta mata.

"Ta yi daɗi," ta ce. Sai ta juya hannunta ta kalli kifin. "Amma babu mai zana shi sai 'yata. In ta gani, ta san ƙarya na yi mata. Ya daɗe a wayar?"

"Awa uku, Hajiya."

Ba ta yi mini faɗa ba. Mayafi kawai ta ja ta rufe hannun, kuma haka ya zauna a rufe duk lokacin da na zo wucewa.

Aikin da aka yi mata ya yi kyau. Ranar sallama Sista ta kawo mata ƙullin citta daga gida, wai tsarabar Kafanchan. Suka yi ta dariya. Hajiya ta ce 'yarta ta kira sau biyu, labarin jariri kawai ta tambaya. Na ce alhamdulillahi, na tsira. Tun daga ranar gizagizai da kogin Kaduna nake yi wa waƙa, su ba su da sirri a hannuna.

Bayan shekaru, ana bikin ƙawata a Gonin Gora, mai lalle ta gama mini furanni ta ƙara ɗan kifi a wuyan hannu. Nan take na gane 'yar Hajiya ce. Na ba ta labarin, ina neman gafara.

Ba ta ɗaga kai daga hannuna ba. Ta ce tun ranar wata ƙawarta ta tura mata hoton, suna bakin ɗakin jarrabawa. Ta rubuta takardar tana kuka. Da uwar ta dawo, ta karɓi cittar daga hannunta ta yi godiya, ta tambayi sunan jariri.

"Har yau Mama ba ta san na sani ba," in ji ta.