Kwana Ukun da Baba Ya Ba Ni

Mahaifina majemi ne, kakana ma haka. Gidanmu yana bayan Ƙofar Atiku, kuma tun ban fi tsawon kwatarniya ba hannuna ke cikin ruwan bagaruwa. Da na yi aure, Baba ya ce in bi fatake da jajayen fatunmu zuwa Lakwaja, don ya gaji da dillalan kasuwa. Na bar matata da ƙaramin ciki, na tafi.

Saura kwana biyu mu isa, cutar agana ta kama ni. Madugu ya sa aka ajiye ni a wata bukka bakin kogin Kwara, aka girke min tulun ruwa, ayari ya wuce. Mutanen da muka yi wata biyu muna cin tuwo kwano ɗaya, babu wanda ya waiwayo.

Wanda ya tsince ni wani dattijo ne Bahaushe. An sayar da shi tun yana yaro har bakin teku, can aka 'yanta shi, ya dawo yana Kirista. Shi ya riƙa wanke min ƙuraje, yana ɗura min kunu. Bai ce min komai kan addininsa ba sai da na tambaye shi abin da ya sa bai gudu ba. Ya ce Almasihu ya taɓa kutare da hannunsa, shi wane ne da zai ji ƙyamar mai agana.

Shekara biyu na yi a wurinsa. Ya koya min karanta Linjila, na yi ta gardama da shi, daga baya na daina. Aka yi min baftisma a kogin. Da ƙarfinsa ya ƙare, ni na riƙa karanta wa masu kwalekwale littafin a madadinsa. Ban ji wata murya daga sama ba. Na dai wayi gari na san ba zan iya komawa jima ba, wannan aikin zan yi har in mutu. Kuma na ga bai kamata in faɗa wa baƙi abin da ban faɗa wa mahaifina ba. Sai na kama hanyar Sakkwato.

Da hantsi na iso. Baba yana tsugune yana kankare gashi a jikin fata. Ya dubi fuskata mai zanzana, wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwansa yana kuka, abin da ban taɓa gani ba. Ashe madugu ya ce musu na mutu. Sun yi min addu'a, sun raba sadaka. Matata ta yi takaba, ta haifi 'ya mace, daga baya aka ɗaura mata aure da wana.

Na haɗiye wannan. Inna ta dama min fura, maƙwabta suka cika zaure. Da aka kira azahar kowa ya tashi alwala, ni ina zaune. Baba ya lura. Da mutane suka watse, ya ja ni bayan majema.

"Mi ya hana ka salla?"

"Baba, na zama mai bin Almasihu."

Ya ce, "Ciwo na. Agana kan taɓa hankali."

"Da hankalina, Baba. Kuma aikin da zan yi ke nan, in riƙa faɗa wa mutane."

"Wane mutane? Na garin ga?" Ya rage murya. "Ka san abin da alƙali ka yi ma wanda ya bar addini? Kwana uku aka ba shi. To ni ma na ba ka uku, cikin gidana, ba wanda ya ji. In ka tuba, ga kwatarniyarka nan. In ka ƙi, ka tahi tun ban ga an yanka min ɗa ba."

Kwana ukun nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Inna ta ji, ban san ta yaya ba. Ba ta yi min faɗa ba. Ta dai ware min ƙwarya guda da ludayi, ta ajiye su nesa da na kowa. Hannun da ya yi min wanka ne ya ware su.

'Yata na gani sau ɗaya, goye a bayan uwarta, suna wucewa zuwa rijiya. Na miƙa hannu, uwar ta juya ta ba ni baya. Yarinyar ta leƙo, ta ga fuskata, ta fashe da kuka. Wana yana tsaye a ƙofa. Ya ce, "Ƙyale ta, ba ta san ka ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa har yau ban yafe masa yadda ya kamata ba.

Rana ta uku Baba ya same ni a zaure. Bai tambaye ni ba, ya ga amsa. Ya miƙo min fata guda, mafi kyau a cikin waɗanda ya rina da karan dafi.

"Ka sai da ita ka yi guzuri. Zan ce ma mutane ka koma fatauci."

"Baba, ka sa min albarka."

"Na yi maka addu'a sanda anka ce ka mutu," in ji shi. "Wagga ta ishe ka."

Na fita ta ƙofar gari babu mai rakiya.

Shekaru masu yawa ke nan ina wa'azi a garuruwan bakin kogi. Turawan mishan da na yi aiki a ƙarƙashinsu sun so bakina, don ina juya musu magana, amma ba su taɓa ba ni riƙon ko da ƙaramar majami'a ba. Suna cewa mutumin Sakkwato ba a san ranar da zai koma addininsa na da ba. A gida ni Annasara ne, a nan kuma ba a gama yarda da ni ba. Waɗanda suka karɓi saƙon ta bakina ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Labarin rasuwar Baba wani falke ya ba ni, bayan damina biyu da faruwarta, a tsakiyar cinikin goro. Ban bar bangaskiyata ba, ba kuma zan bari ba. Amma in sababbin masu bi suka roƙe ni in ba su labarin kirana zuwa wannan aiki don su ji daɗi, nakan ce musu na gaji, su tambayi wani.