Labarin da Hafsatu ba ta ida ba

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata a zangon karatu na biyu ba, lokacin ina koyar da adabin Hausa a wata sakandare a Faskari. Ku sababbin malamai, ku saurara.

A ƙa'idarmu, kafin jarrabawa akan ba 'yan aji biyar jinga, kowa ya ƙago gajeren labari. Abu uku muke dubawa. Jigo, wato saƙon labarin. Tauraro, wato wanda labarin ke tafiya a kansa. Sai zubi da tsari, yadda aka ƙulla matsala aka kuma warware ta. Ni kuwa a lokacin ba na sassauci, jan birona ya fi bakina magana.

Akwai wata ɗaliba, Hafsatu, mai shiru-shiru, wadda iyalinsu suka taso daga wani ƙauye kusa da Tafoki. Ta rubuta labarin wani manomi da ya je girbin dawa, 'yan bindiga masu babura suka tafi da shi. Matarsa ta rufe masa tuwo a kwano tana jira. Nan labarin ya tsaya.

Na rubuta mata da ja: “Tauraro ya ɓace a tsakiya. An ƙulla, ba a warware ba.” Ban tsaya nan ba. Na karanta wa aji labarin, don su ga misalin zubi mara kyau. Na ce, “Hafsatu, ina ƙarshen?”

Ta miƙe, kanta a ƙasa. “Malam, ai Babanmu ne. Ba su sako shi ba har yau. In ya dawo sai in ida.”

Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Kwana uku ba ta zo ba. Da izinin shugaban makaranta na je gidansu, na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta. Ta dawo, ta kuma gama makaranta, alhamdu lillahi.

Tun daga nan, kafin in ɗora jan biro a kan labarin ɗalibi, sai na tambaye shi inda ya samo shi. Yaranmu na nan ba duk abin da suka rubuta ba ne ƙage.

Takardar tana nan a aljihun teburina. Har yau Hafsatu ba ta zo ta ida ba.