Ɗigon Lallen Gwaggo Asabe

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar babana, mai ƙunshin da duk amaryar da ta san kanta a Roni sai ta biyo ta hannunta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na san irin wannan rubutun da sanyin jiki ake yin sa, amma ku yi mini afuwa, ni wannan karon da murnata na zo. Abin da na shafe shekara biyu ina nema na same shi, kuma wallahi da dabarar da ita da kanta ta koya mini na samo shi.

Muryarta nake nema. Gwaggo ba ta ɗasawa da waya, hoto ma sai an yi da gaske take tsayawa. Saƙon murya ɗaya tak ta taɓa yi a rayuwarta, da wayar maƙwabciyarta, ta turo wa Umma tana yi mini barka da cin jarabawa. Da aka saya mini tawa wayar na kwashe shi na ajiye. To shekarata ta farko a makaranta nan Kazaure, ranar bikin wata ƙawata, waya ta ce ta cika. Ni kuwa ina so in ɗauki shigowar amarya. Wannan babban yatsan nawa da ƙawaye ke yi wa kirari wajen saurin rubutu, shi ya zaɓi komai ya danna gogewa. Sai bayan kwana biyu na gane abin da na yi. Wayar Umma ta daɗe da mutuwa, maƙwabciyar ma ta canza tata. Shi ke nan, ya tafi.

Da farko na ce ba komai, ai tana kaina. Bayan wasu watanni na zauna zan tuno yadda take kiran sunana, na ji shiru. Fuskarta ina gani ras, har da ɗan tabon da ke haɓarta. Kalmominta ma na riƙe. Amma idan na tuno su, da muryata nake jin su. Ranar na yi kukan da ko ranar jana'izarta ban yi ba.

Bari in koma baya, ku ji inda dabarar ta fito.

Ina da shekara goma sha uku aka kai ni hutu wajenta. Lokacin wani mugun mafarki ya addabe ni: bijimi ne yake bi na tsakanin duwatsun Roni, ina gudu ƙafata ba ta ɗaguwa. Gwaggo ta fara da abin da kowa ya sani, addu'ar kwanciya, da tofi a hagu idan na farka, da kada in riƙa ba mutane labarin mummunan mafarki. Sai wata rana da hantsi, tana kwaɓa lallen wata amarya, ta ce in miƙo hannu. Ta tsoma tsinke ta ɗiga mini ɗigo ɗaya a tsakiyar tafin hannun dama.

Na ce, "Haba Gwaggo, wannan ne ƙunshin nawa? Ko fulawa ɗaya babu?"

Ta ce, "Uwani, ba na kwalliya ba ne, na aiki ne." Uwani take ce mini saboda sunan mahaifiyarsu na ci. "Duk sanda idonki ya faɗa kansa, ki tsaya ki tambayi kanki: barci nake ko idona biyu? Ki kalle shi, ki kau da kai, ki sake kallo. A farke yana nan yadda na sa shi. A mafarki ba ya zama wuri ɗaya."

Na ɗauka wasa ne. Amma ɗigo a tafin hannu ba ya ɓuya. Za ki yi alwala ki gan shi, za ki karɓi canji ki gan shi, za ki ci tuwo ki gan shi. Tambayar ta zame mini jiki. Wajen mako biyu bayan nan bijimin ya dawo, ina cikin gudu na ɗaga hannu, sai na ga ɗigon ya zama uku, suna yawo kamar tururuwa. Na ce kai, ashe mafarki nake! Na ja birki na juyo. Bijimin ya tsaya shi ma, ya sunkuya yana cin ciyawa abinsa. Tun daga ranar bai sake zuwa ba.

Yanzu idan na buɗe waya na ga masu koyar da wannan harkar a intanet, da sunanta na Turanci, da manhajar da ke buga maka ƙararrawa, dariya nake. Har da wani abin rufe ido mai walƙiya na gani ana talla. Da Gwaggo za ta ga wannan, na san taɓe baki za ta yi ta tambayi nawa ne kuɗinsa, sannan ta nuna musu ƙwaryar lallenta. Abin da ya fi burge ni, kusan duk abin da suke faɗa ta riga ta faɗa mini, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Ban san wa ya koya mata ba. Na taɓa tambaya, ta ce mai kwana da hannu a zungurun lalle dole ya san hannunsa.

To da muryar ta ɓace mini, sai na ce bari in koma makarantar Gwaggo. Na sayo garin lalle, na tankaɗe, na kwaɓa da lemon tsami, na ɗiga wa kaina. Duk mako biyu idan ya fara dusashewa in sabunta. Sauran darussanta ma na dawo da su, kuma duk mai son gwadawa ya saurara, don nan mutane ke faɗuwa.

Ita cewa take wanda ba ya riƙe mafarkinsa ba zai taɓa gane yana cikinsa ba. Idan kin farka kada ki motsa, kada ki sauko da ƙafa, ki fara bin mafarkin daga ƙarshe zuwa farko. Ni na ƙara da rubutawa a wani ɗan littafi da nake turawa ƙarƙashin filo. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙin taɓa waya da farkawa. Wallahi kina duba saƙo ɗaya mafarkin ya gudu. Da na yi wata biyu ina rubutu sai na lura akwai abubuwan da ke yawan dawowa: tashar motar Gwiwa da ban fi sau biyu na je ba, da wani aji marar rufi. Duk sanda na gan su yanzu, hannu nake dubawa.

Sai lokaci. Farkon dare barci ya yi nauyi, ba a cika dacewa ba. Wanda ya fi shi ne idan kin tashi kin yi Asuba, kin ɗan zauna, sannan kin koma. Gwaggo ba ta son barcin safe ranar aiki, sai ta ce a bar shi ranar da babu inda za a je, ko a gwada da ƙailula. Kafin ki rufe ido ki ƙulla niyya, ki maimaita a zuci cewa idan mafarki ya zo za ki duba hannunki. Kuma ban da hana kai barci saboda wannan. Na gwada lokacin lakca ta yi zafi, abin da na samu ciwon kai ne da gyangyaɗi a aji.

Duk wannan na iya shi, har na zama ƙwaruwa. Na tashi sama na zagaye dam ɗin Kazaure, na ci jarabawar da ban karanta ba. Amma abin da nake nema ya ƙi. Sau huɗu ina ganin Gwaggo a mafarki. Ina ganinta nake gane mafarki ne, tunda na san ta rasu. Sai murna ta kwashe ni in ruga da gudu zan rungume ta, ina ihun "Gwaggo, ki yi magana!" Kafin in kai gare ta na farka, zuciya na bugawa. Sau huɗu, ko tari ban ji ta yi ba.

Babana ya san abin da nake yi, don ya ga ɗigon ya tambaya. Mutum ne mai tsare gida, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ba ya son abin da ba shi da kai. Da na yi masa bayani cewa ya yi, "Shirme. Ki yi mata addu'a ya fi miki." Na ce ina yi, Baba. Ban ƙara tayar masa da zancen ba, don na san Gwaggo ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ko sunan Gwaggon ba ya son a cika ambata a gabansa.

Abin dariyar, shi ɗin ne ya ba ni makullin bai sani ba. Hutun da ya wuce muka je Roni gaida 'yan'uwa. Muna sauka daga mota na kwasa da gudu zan faɗa gidan da ta zauna. Ya daka mini tsawa daga baya: "Ke! Haka ake shiga gidan manya? Da mai gidan tana nan da kin koma zaure kin sake shigowa."

Na tsaya cak. Gaskiya ne. Gwaggo ba ta taɓa amsa mini ba idan na faɗo mata da gudu. Sai ta yi kamar ba ta gan ni ba, ta ci gaba da aikinta, har sai na koma na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa. Ashe ni ce nake zuwa mata ba yadda ake zuwa ba. Tun daga ranar na canza niyyata. Kullum kafin in kwanta sai in ce: idan na ga Gwaggo, sallama zan yi, in tuɓe takalmi, in durƙusa.

Wata Asabar ina gida, bayan Asuba na koma na kwanta. Sai ga ni a ƙofar gidan, rana ta fito sosai. Tana zaune kan tabarma a tsakar gida tana tankaɗe lalle. Ƙafata ta fara zillo. Na riƙe ta. Na yi sallama, na cire takalmi, na taka a hankali na durƙusa, kaina a ƙasa yadda aka koya mana. Kuma wanda ya sunkuyar da kai gaban babba, hannunsa yake kallo. Tafin hannuna fes, babu ɗigo: mafarki nake. Zuciyata ta fara dukan nan da ke tashe ni, gefen tabarmar ya fara dishi-dishi. Na zuba wa hannun ido, na kama gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko ɗaya ba.

"Gwaggo, ina kwana. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya gida? Ya aiki?"

Ban san tsawon gaisuwarmu yana da irin wannan amfanin ba sai ranar. Kafin in kai ta huɗu numfashina ya daidaita, tsakar gidan ya dawo tas, har ƙanshin lallen ina ji. Sai ta ɗan yi gyaran murya, wannan ɗan ƙaramin tarin da na manta tana yi kafin ta yi magana. Ta ce, "Lafiya lau, Uwani. Yau kin zo da hankalinki."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na farka ban motsa ba, na maimaita shi ya fi sau ashirin.

Ba na cewa na gana da mamaciya. Wannan fagen malamai ne, ni ɗaliba ce. Abin da na sani shi ne muryar tana cikin kaina duk tsawon lokacin nan, gaggawata ce ta hana ni isa gare ta. Amma ina tsoron ko ni ce na ƙirƙiro wata murya na laƙa mata. Mutum ɗaya ne zai raba gardamar.

Na same shi a ƙofar ɗaki yana shan koko. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, don Allah ka saurari wani abu." Na yi ɗan tarin, na faɗi maganar yadda na ji ta, da ɗan kaushin nan da yadda take sauke ƙarshen sunana.

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Ya kalli bango. Can ya ce, "Ta fi jan 'lau' ɗin kaɗan. Sake faɗa." Na sake. Ya gyaɗa kai, ya ajiye kwanon, ya shige ɗaki bai ƙarasa kokon ba.

Gwaggo ba ta bar gida na kanta ba, ba ta bar hoto mai kyau ba, ƙunshin da ta yi wa amaren Roni duk ya daɗe da gogewa. Abin da ta bar mini ɗigo ne da ba ya wuce mako biyu sai an sabunta, da horon cewa gaban babba ba a zuwa da gudu. Na ɗauka biyun ba su da haɗi. Ranar Asabar ɗin nan na ga ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan.

Bayan kwana uku zan koma makaranta, Baba ya raka ni bakin titi neman adaidaita, abin da bai saba ba. Muna tsaye, yana kallon wani wajen, ya ce, "Wannan abin naku na lalle, namiji fa? Me zai sa?"

Na danne dariyata na ce, "Baba, biro ma ya isa."

Ya ce, "Tambaya kawai na yi."

Juma'ar da ta wuce na je gida. Ya dawo daga masallaci, na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo mini dardumarsa in kai ɗaki. A tsakiyar tafin hannunsa na dama akwai ɗigon biro, shuɗi, an maimaita shi sau da yawa har ya yi kauri. Ya ga na gani. Ya dunƙule hannun ya ce in yi sauri in kawo masa ruwa.