Ƙunzugun da Ya Ƙi Ruɓewa a Gonata

Gara in faɗa da bakina kafin matata, tsohuwar gidana, ta riga ni: a labarin nan ni ne wawan, ko da yake wawa ne mai ilimi, don na taɓa zama a ajin firamare har na iya rubuta sunana.

Ina da 'yar gona a bayan gari. Kowace shekara kafin damina nakan sa a kwaso min juji daga unguwarmu, Bagadaza, a zuba a matsayin taki, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Bara da ruwa ya sauka na je noman fari, na kafta fartanya, sai ta ɗago wani abu fari, kumburarre kamar mataccen kwaɗo. Ƙunzugun jarirai ne, irin na zamani da ake yarwa. Na kafta gaba, wani ne. Duk inda suka kwanta masara ta fito rawaya, ta tsuke. Toka ta zama ƙasa, kashin awaki ya zama ƙasa, su kuwa suna nan garau, har da zanen 'yar agwagwa a jiki.

Na dawo gida na tara iyali. Jikata ba ta daɗe da zuwa duniya ba, ni kuwa amarya nake kiranta. Na ce amarya ba za ta kashe min gona ba, daga yau a riƙa ƙone abin. Uwarta, matar ɗana, ta sunkuyar da kai ta ce wai in an ƙone, ƙuraje ne ke feso wa yaro a ɗuwawu. Na ce to, a koma wa na zane, wanda ake wankewa.

Maƙwabciyarmu, wata tela Batangaliya, ita ta ɗinka mana daga tsofaffin zannuwa masu laushi, ta yi musu maɓalli da 'yar riga da ke tare jiƙa. Ba zan ɓoye ba, sun yi kyau. Matan layinmu suka fara leƙowa suna tambaya. Ni kuma na bi gona da buhu na tsince na bara kaf, na daina karɓar jujin da ban tona na duba ba. Bana masarata ta fi ni tsawo.

Ran nan na shigo daga gona riƙe da ɗanyar masara, na tarar da igiya cike da shanya, tsohuwa na tsugune gaban baho tana cuɗa ƙunzugun amarya, don uwar amarya ta koma wurin aikinta. Na gyara murya na fara bayani cewa shugabanci baiwa ne, mutum guda ya yi tunani, ga ƙasa ta huta, ga masara ta samu lafiya.

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta turo min bahon da ƙafa.

"Malam, 'ya'ya tara na wanke wa kashi, ban ji ka kira taro ba sai da ya taɓa masararka. Naɗe hannun riga, ga sabulu."