Malam Haladu Ya Tafi da Ɗinkinsa

Innalillahi. Da safen nan ina tsaye gaban risho ina tafasa almakashi, waya ta shigo. Nasiru ne, babban ɗan Malam Haladu.

"Baffa, ba sai ka zo da kayan ba. Baba ya cika da asuba."

Kayan cire ɗinki yake nufi. An yi wa Malam aikin ciki a Kano, ya dawo gida Karaye, ya ɗora mini alkawarin ni zan cire masa zaren da hannuna. Yau ce ranar da muka sa.

Ban ma san wa ya kashe rishon ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka yi aikin asibitin dabbobi tun shekarun tamanin, shi ne gaba da ni. Shanu da tumaki kowa yana so. Amma maharbi ya shigo rungume da kare, gadu ya farke masa ciki, nan take kowane ma'aikaci zai tuna bai yi azahar ba. Malam kaɗai ke naɗe hannun riga. Har aka laƙaba masa Telan Karnuka, yaran Rogo na bin babur ɗinmu suna kira. Ɗaga musu hannu yake yi.

Zare iri biyu muke da shi a lokacin. Akwai katgot mai narkewa a jiki, akwai nailan da ya fi riƙo, bai cika tara mugunya ba, amma sai an dawo an cire shi. Tsokar ciki ba gardama, mai narkewa ne. A fata ake zaɓi. Shi kuwa Malam, kafin ya zaɓa, mai karen yake ƙare wa kallo.

Na tuna wani makiyayi a garin Fulatan da wayar shinge ta tsage wa karensa cinya. Malam ya tambaye shi ko zai dawo a cire zare.

"Wallahi zan dawo, likita."

Malam ya dubi jakunan da aka riga aka ɗaure wa kaya, ya ce mini, "Isyaku, miƙo mai narkewa. Wannan bawan Allah jibi yana Kudu."

Ni da taurin kaina na ce katgot a fata saurin saki gare shi, kare na lasa ya ɓalle. Ya ce, "Na sani. Gara ya saki da in bar dabba tana yawo da zaren da ba mai cire mata. Ba ta da bakin faɗa."

Ba a baki ya tsaya ba. Wata damina wani maharbin Jajaye ya ƙi dawowa da karyarsa da muka yi wa nailan. Malam ya tayar da babur, muka kama hanya cikin taɓo, rabi hawa rabi turi, ina ta ƙunƙuni a bayansa. Ya cire zaren nan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannu, ya saya mini gurasa a Beli don in yi shiru.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, yana kishingiɗe a soro, ya rame sosai. Ya ɗaga riga ya nuna mini.

"Duba nan, nailan ne. Sun kalle ni sun ga mai dawowa."

Ya yi dariya yana dafe ciki. Sannan ya ce, "Sai dai ba zan koma Kano ba, mota ta isa ta warware ni. Kai za ka cire. Kada ka bari in yi ta yawo da shi."

Na ce in sha Allahu. Wallahi na sa rai, na ɗauka ya tsallake.

Na je gidan ɗazu. Ina cikin masu wanka, na ga ɗinkin da idona. Fatar ta haɗe tsaf, ta bushe, ko kumburi babu. Abin da ya fi karya mini zuciya ke nan. Na matsa kusa da Liman na faɗa masa alkawarin a hankali.

Ya ce, "Malam Isyaku, a bar shi haka. Kada a ƙara taɓa shi, jama'a na jira."

Gaskiyarsa. Ban yi musu ba, na koma gefe.

Mutumin da bai taɓa yarda kare ya tafi da nailan a jiki ba, mun kai shi makwancinsa da nasa. Abu ɗaya ya taɓa roƙona a duk zamanmu, ban samu yi masa ba, kuma ba sauran ranar da zan yi. Tun da muka dawo na kasa saka komai a bakina.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Haladu. Tausayin da ya nuna wa marasa bakin magana, Ka nuna masa wanda ya fi shi. Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya roƙa masa gafara. Ku taya ni, nawa bakin ya yi nauyi.