Tayoyin da Wazir Sattaur Bai Gwada Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ana tsaka da ruwa, Allah Ya karɓi ran Wazir Sattaur a gidansa da ke ƙauyenmu na gaɓar teku a yankin Korentin. Ya cika a cikin ragar lilonsa a ƙarƙashin gida, domin gidajenmu a kan dogayen turaku ake ɗora su, shayin da 'yarsa Zaheeda ta kawo masa bai ko huce ba. Mu na Allah ne, kuma wurinSa dukanmu za mu koma. Mijin yayata ne, marigayiya Nazmoon, shi ya sa tun ina saurayi nake kiransa Bonoi, yadda muke kiran mijin 'yar'uwa. Da wannan suna zan yi masa magana a nan, domin akwai labarin da na san ya tafi yana son ji.

Bonoi, ban taɓa sanin mai son jin dalilin abu kamarka ba. Likita ya ɗaura maka abin awon jini, kai kuma ka tsare shi da tambayar yadda abin yake aiki, har ya kusa mantawa da ciwon da ya kai ka. Ka taɓa kwance fankar masallaci ranar Juma'a da safe don kawai ka ga abin da ke sa ta ƙara, muka yi salla gumi na tsiyaya, liman yana hararka ta gefen ido. Yayata takan ce da za a ba ka dama, ita ma sai ka kwance ta ka ga inda faɗa yake fitowa.

Amma ba da wannan ƙauye zai fi tuna ka ba. Fiye da shekara ashirin, tsohuwar a-kori-kurarka ce take ɗaukar mamatanmu. Musulmi ka kai shi maƙabarta, mai addinin Hindu ka kai shi bakin teku inda danginsa ke yi masa nasu, Kirista ka kai shi coci ka tsaya a waje har a gama. Jiya motar ta ɗauko buhunan shinkafa ko agwagi, yau da an ce wane ya rasu sai a gan ka da bokiti da tsumma kana wanke bayanta, tun kafin kowa ya zo roƙo. Wanda ya miƙo maka wani abu kuwa, sai ka tambaye shi ko yana so ku ɓata ne.

Maƙabartarmu tana can bayan gonakin shinkafa, hanyarta kuwa tudun ƙasa ne mai faɗin mota ɗaya, ruwa dama ruwa hagu. Da rani ko keke yana bi. Da damina taraktoci sukan tone ta, ta koma taɓo. 'Yan shekarun baya, cikin ruwan Mayu, muka ɗauko Nazmoon a kan wannan hanya. Mun haye gadar katako lafiya, muna zuwa gindin mangwaro sai cikin motar ya zauna a kan laka. Tayoyin kwalta ne a jikinta, suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa taɓo, har ya ɓata mayafin makara. Muka tura, muka sa itace, muka tura. A ƙarshe aka kira tarakta da tirelar da ake ɗaukar taki. Yayata, wadda ba ta taɓa yarda a shiga kicin ɗinta da takalmi ba, a kan tirelar taki ta ƙarasa tafiyarta. Ba ka yi kuka a gaban mutane ba. Muna dawowa ka ce da ni, "Fazil, ba za a ƙara ba." Iyakar abin da ka faɗa ke nan, ni kuwa na san ba da ni kaɗai kake ba.

Kowa ya zaci washegari za ka je ka sayo manyan tayoyin nan masu haƙora, irin na motocin masu haƙar zinariya da ke shiga daji. Ni ma haka na zata, har na ƙosa. Sai ga shi ka mai da lamarin ya zama karatu. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, kana bincike. Duk motar da ta tsaya a bakin masallaci sai ka durƙusa ka shafa zanen tayarta, ka tambayi mai ita ko tana kuka a kan kwalta, ko ta ƙara masa shan mai, ko sitiyari ya yi nauyi. A lokacin nan, duk wanda za a kai maƙabarta cikin ruwa, a ƙarshen kwalta kake tsayawa, mu sauke shi mu ƙarasa a kafaɗa, muna zamewa muna tashi. Ka ƙi yarda a sake kiran tirela, ka kuma ƙi sayen abin da ba ka gane ba.

Verna mai shagon taya a cikin gari ta gaji da kai. Ina tsaye wata rana ta ce, "Kawu Wazir, taya za ka saya ko aurenta za ka yi? Kullum kana zuwa zance, ba mu ga sadaki ba."

Ka ce, "'Yata, wancan auren ma sai da na yi bincike, kuma ban yi nadama ba."

Ta yi dariya ta gangaro maka wata ka duba. A shagonta na fara fahimtar abin da kake aunawa. Masu manyan haƙora ka ƙi su, ka ce a kan kwalta suna ihu, kai kuwa ba ka kai mutum makwancinsa da ihu. Ka ce kuma za su ƙara tone hanyar da manoma suke bi da kekunansu. Kana son irin waɗanda suke tafiya shiru a kan titi, su kuma kama ƙasa idan an sauka. Saura girma. Idan taya ta ƙaru, cikin mota zai ɗaga daga laka, abin da muke nema ke nan. Idan ta yi yawa kuma, za ta gogi jikin motar a kwanar gadar katako, inda dole a murɗe sitiyari har ƙarshe.

Akwai wani abu na uku da ban taɓa tunaninsa ba, kuma har yau ina mamakin yadda ya faɗo maka. Chacha Gafoor, wato baffa a bakinmu, tsohon da ya fi kowa gajarta a sahunmu, shi yake kama kusurwar gaba ta dama ta makara tun kafin a haifi yawancinmu, ba wanda ya isa ya karɓe masa. Ka ce idan bayan mota ya yi tsawo, tsoho zai riƙa ɗage yana miƙa hannu, wata rana makara ta karkace, ko samari su ture shi gefe da sunan taimako. Sai ka tare shi bayan sallar la'asar da igiya a hannu, ka auna daga ƙasa zuwa ƙirjinsa, ka ƙulla.

Ya ce, "Wazir, likkafani kake auna mini tun ina numfashi?"

Ka ce, "A'a Chacha, mota nake aunawa da kai. Tsaya daidai, kar ka yi mini ƙarin tsawo."

Da wannan igiya ka koma wurin Verna. Bayan duk wannan dogon bincike, mataki ɗaya tak ka ƙara a kan girman da motar ta zo da shi. Na yi maka tsiya sosai, na ce shekaru muna jiran giwa ka kawo mana tunkiya. Aka ɗaura su cikin Fabrairu, ƙasa ta bushe ƙayau, ba inda za a gwada. Ka ce mu jira ruwan Mayu, mu loda buhunan shinkafa daidai nauyin makara da masu rakiya, mu je gindin mangwaro mu gani.

Kafin ruwan ya sauka ƙafafunka suka kumbura, likita ya hana ka tuƙi. Na ce bari in je in gwada in kawo maka labari, ka ƙi, ka ce so kake ka ji a jikinka. Sai dai ka riƙa koya mini daga cikin lilo: a ƙarshen kwalta a rage wa tayoyin iska su baje, a sa giya ta biyu, in baya ya fara zamewa kar a taka mai da ƙarfi, a bar su su nemi ƙasa da kansu. Ruwa yana zuba, kana kallon motar a ƙarƙashin rumfa, kana cewa, "Ko za su riƙe, Fazil?" Ni kuma ina cewa ka warke tukuna. Ina tambayar kaina yanzu ko ka riga ka san wanda za su fara ɗauka. Ban sani ba, kuma ba ka bar mini hanyar sani ba.

To, ga labarin. Ranar Laraba bayan azahar aka yi maka salla, ruwa bai ɗauke ba tun Talata. Samari sun riga sun kawo tarakta bakin ƙofa, sun wanke tirela tas, ba da mugun nufi ba. Liman ya ja ni gefe ya ce kar mu wahalar da mamaci, kuma gaskiya ya faɗa. Tsoro ya kama ni, Bonoi. Idan motar ta kafe, abin da ka yi rantsuwa ba za a ƙara ba, a kanka za a ƙara shi, kuma da hannuna. Ina tsaye ina wannan tunani sai Zaheeda ta sauko daga bene, ta sa mini makulli a tafin hannu, ta kira ni yadda muke kiran kawu ta ce, "Mamu, ka dai rage iskar."

A kan kwalta ba su yi ihu ba. Ina jin salatin mutanen da ke baya sarai. A ƙarshen titi na sauka cikin ruwa na rage iska ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna kallona. A kwanar gada tayar hagu ta gogi jikin motar kaɗan, sau ɗaya, na ji ta. Ka ga a nan lissafinka ya ɗan kuskure, kuma na san da kana zaune a gefena da ka ce in tsaya ka leƙa. Da muka iso gindin mangwaro, bayan motar ya fara sulalewa wajen ruwa, wani ya yi kabbara da ƙarfi, ƙafata tana son taka mai. Na hana ta. Motar ta yi kamar za ta tsaya, cikinta ya shafi laka, sai na ji tayoyin sun kama wani abu a ƙasa, suka ja mu a hankali, muka wuce. Taraktar tana biye da mu har bakin maƙabarta, ba kowa a tirelarta.

Sun riƙe, Bonoi. Da aka buɗe bayan motar, Chacha Gafoor ya matso ya kama kusurwarsa, ƙafafunsa biyu a ƙasa, bai ɗaga dunduniya ba. Ya tsaya haka makara na ƙirjinsa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ja'irin ya auna daidai." Na duba mayafin, ruwan sama ne kawai a jikinsa. Muka kwantar da kai kusa da Nazmoon. Ina dawowa wurin mota na buɗe baki zan ba ka labari, sai na ga kujerar babu kowa, a nan ne nawa kukan ya zo.

Zaheeda ta ce motar ta ƙauye ce yanzu, makullinta na rataye inda ka saba ratayewa. Jiya na je wurin Verna in ji abin da ya sa tayar hagu ta goga, muka durƙusa mu biyu muna leƙe. Ka bar mini ciwon tambaya, kuma ban ƙi ba.

Ya Allah, bawanKa Wazir ya zo gare Ka. Ya ɗauki bayinKa da yawa zuwa makwancinsu, bai tambayi addinin kowa ba, bai karɓi ladan kowa ba, Ka biya shi da naKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da Nazmoon a gidan rahama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zaheeda da 'ya'yanta, da dangin Sattaur na nan da na ƙetare, da jama'ar masallacinmu, da maƙwabtanmu na kowane addini da suka bi motar a ƙafa cikin taɓo. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Mun kai ka iyakar inda mota take kaiwa, Bonoi. Allah Ya sauƙaƙa maka sauran hanyar. Amin.